Ɓerayen Da Na Yi Wa Kara

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da Dakta ya ɗaga kejin ɓerayena, ko da kuwa zan so in manta.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a a Gusau, aka ba ni aikin gwada wani maganin hawan jini a kan fararen ɓeraye, a ga ko yana taɓa ƙoda. Kashi biyu aka raba su: wasu in ɗura musu magani kullum, wasu ruwa kawai. Dakta, malamin da ke duba aikina, ya ja kunnena cewa abincinsu ɗaya ne, kada in ƙara ko ƙwayar gero.

To ni a gidanmu na Tsafe, ko akuya ba a cin abu a gabanta a hana ta. Duk safiya in na ɗura wa bayin Allah nan magani sai su zuba mini jajayen idanu, tausayi ya kama ni. Sai in gutsura musu ƙuli-ƙulin da Innarmu ke aiko mini, su wanke baki. (Masu shan ruwa ban ba su ba, ai ba su wahala ba. Kun ji adalci.)

Bayan sati huɗu aka auna jini. Dattin da ƙoda ke tacewa ya hau a jinin masu shan magani. Sai na tuna irin maganin nan Inna ke sha shekara da shekaru. Nan take na kira ta a waya.

"Inna, don Allah ki dakata da ƙwayar nan, tana kashe ƙoda."

"Wa ya ce?"

"Ɓeraye."

Ta ce, "Ɗiyata, likita ya ba ni, ba ɓera ba."

Na kai wa Dakta sakamakon ina hawaye. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce lissafin bai yi masa ba, mu je ɗakin ɓerayen. A gaban 'yan ajinmu ya ɗaga kejin ya karkaɗe garin katakon da suke kwana a kai. Gutsattsarin ƙuli-ƙuli suka zubo ƙasa. Ashe munafukan har ajiya suke yi.

"Malama, wannan ma cikin maganin yake?"

Na ce, "Tausayi ne, ranka ya daɗe."

Ya ce ƙuli-ƙulin kaɗai ya isa ya ɗaga awon, sai dai a sake aikin daga farko. Har muka gama makaranta Uwar Ɓeraye ake kirana.

Da na gaya wa Inna, dariya ta yi har da tari, ta ce da ta biye mini da yanzu tana asibiti. Tun daga ranar na san tausayi ma awo gare shi. Ƙuli-ƙulin kuwa ta daina aikowa, wai ba za ta ciyar da ɓerayen gwamnati ba.