Maganin Mma a Aljihuna

Ko tsufa ya sa na manta sunan unguwarmu, ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanena a Dapaong ba.

Tun kafin bikin, Mma, mahaifiyarmu, ba ta jin daɗi. Daga ɗaki zuwa bakin famfo sai ta tsaya tana haki, ƙafafu sun kumbura. Ƙanwata Rakiya ce ta yi ta zirga-zirgar asibiti da ita, har likita ya duba zuciyarta a na'ura ya ce hawan jinin huhu ne. Ni kuwa mahauci ne ɗan mahauci a unguwar Kpangalam cikin Sokodé, huhun da na yanka ba ya ƙirguwa, don haka na ɗauki kaina gwani. Na aro abin awon jini na maƙwabci, na ɗaura mata a hannu, na ga lafiya lau, na ce likitocin nan neman magana kawai suke yi. (Rakiya ta ce wannan ba a hannu ake ganinsa ba. Ban saurare ta ba, ai na girme ta.)

Da muka taso daga Sokodé muka sauka gidan surukai, Mma ta aike ni in ɗauko mata carbi a jakarta. Nan na ci karo da wani kwalin magani. Ina karanta sunan, na gane shi. Maganin nan ne da maza ke saya suna waige-waige. A jakar uwata, kusa da carbi! Nan take na yanke cewa mai famasi ne ya yi kuskure. Na cusa kwalin a aljihun babbar rigata, ina jin kaina ɗa nagari da ya rufa wa gidansu asiri. Da na ji suna cigiya, sai na yi kamar ina duba waya.

Washegari bayan ɗaurin aure, tsakar gida cike da mata, kiɗa na tashi, sai Mma ta zauna daɓas, numfashi na neman gagararta. Rakiya ta zazzage jaka a kan tabarma tana kuka. An tura mai zemijan, wato ɗan acaɓa, ya zaga famasin kusa ya dawo hannu biyu. Wallahi na tsorata, ban taɓa ganin idon Mma haka ba.

Na matsa kusa da Rakiya don in yi mata raɗa. Matsalar ita ce raɗata ta kasuwa ce, kuma daidai lokacin aka ɗauke wuta, kiɗa ya mutu.

"Yana wurina! Amma ba nata ba ne, maganin maza ne!"

Kowa a gidan ya juyo. Har mai rabon shinkafa ta tsaya da ludayi a sama.

Rakiya ta fizge kwalin, ta ba Mma, ta kira likita a waya, ya ce a kai ta asibiti a duba. Muna hanya ta juyo kaina: "Yaya, jijiyoyin huhunta ne suka tsuke, zuciya na tura jini da ƙyar. Wannan buɗe su yake yi. Dokta ya ce ko sau ɗaya kar ta tsallake. Ba irin tansiyon ɗin nan ba ne, hawan jinin da ka sani!"

Allah ya taimake ni, da yamma Mma ta dawo da ƙafarta. Na ɗauka magana ta wuce. Sai da ta zauna tsakiyar surukai ta sha ruwa, sannan ta dube ni.

"Ni wata da watanni ina sha, ban san yana da wani aiki ba. Kai da ko tikitin mota sai an karanta maka, a ina ka haddace sunansa?"

Matata ta ja mayafi ta rufe fuska. Wani tsoho daga dangin amarya kuwa ya ja ni gefe, ya tambaye ni a hankali ko akwai saura.

Tun ranar na koyi cewa yanka huhu daban, sanin ciwonsa daban, kuma na daina sa hannu a jakar da ba tawa ba. Hukuncin da Mma ta yanke shi ne, ni zan riƙa sayo mata maganin duk wata. Kullum in na shiga famasi sai in ɗaga murya in ce, "Na Mma ne!"

Shi kuma mai famasi ya yi murmushi ya ce, "Kowa haka yake cewa."