Hannu a Kan Sakata

"Lafiya lau muka tashi, Sanƙo. Amma tsaya daga nan, hasken kanka na kashe min ido."

"Muryarki nake ji, ban ga mutum ba. Au, ashe a tsaye kike? Na ɗauka kujera ce aka manta a tsakar ɗaki."

Taubashiyata ce, 'yar kawuna, malamar firamare da ta shekara ashirin tana yi wa duniya maki da jan biro. Ni kuma mai gyaran rediyo da talabijin. Wata uku da rasuwar Kaka muka haɗu a ɗakinta don kwashe kaya. Malama ta zo da sabon kwaɗo a jaka, da mun gama za ta kulle gidan. Akwai kuma saƙo a wayarta da ya kwana uku ba amsa. Yayanta ne, wanda ya bar gidan nan shekara talatin da suka wuce bayan sun saɓa da Kawu. Bai zo rasuwar Kawu ba, bai zo ta Kaka ba. Yanzu yana gari, yana roƙo a bar shi ya ga ɗakin kafin a rufe.

A ƙasan akwati, naɗe cikin ɗankwali, na ci karo da kaset ɗin bidiyo.

"Malama Jan Biro, ga alƙalin tsohon musunmu ya fito."

Ta leƙo. "Fim ɗin mai jaka."

Fim ɗin iyali ne da muka kalla ya fi sau hamsin muna yara, a zube kan tabarmar ɗakin nan. Wani mutum ya yi fushi ya bar gida, ya daɗe, ya dawo da jakarsa ya tsaya a ƙofa, ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa. Daidai nan kullum Kaka za ta miƙe ta kashe, ta rufe talabijin da mayafi ta ce, "Ya isa, ku bar bawan Allah ya yi tunani." Sai kaset ya koma akwati.

"Ya shiga," na ce.

"Juyawa ya yi. Wanda ya iya tafiya bai iya dawowa ba."

"Ni fa na ga ƙarshen. Ranar da Kaka ta je asibiti na saci makulli. Ya shiga, aka rungume shi, har akuyar gidan ta yi kuka."

"Babu akuya a fim ɗin."

"A ƙarshe aka sayo ta."

"Ƙaryar ma ba ka iya ba, kamar gyaranka. Rediyon da na kai maka yana kama tasha uku, ya dawo yana kama ɗaya, ita ma sai an riƙe shi ta taga. Ni ce na gani. Ya juya, ya hau mota, ƙura ta rufe shi."

"Da me kika kunna? Lokacin hannunki bai kai kan teburin ba. Yanzun ma sai da kujera."

"Lokacin kai kuma kana da gashi, ka ga kuwa abu ya daɗe."

Na jawo tsohon bidiyon daga ƙarƙashin gado. Na kwance marfin, na hure ƙura, na goge kan da farar takarda yadda maigidana ya koya min, na haɗa waya. Malama ta zauna gefen katifa, daidai inda take zama da, ta naɗe ƙafa.

"Idan ya juya fa?" ta ce.

"Na ɗauki jakarki zuwa makaranta sati guda, ina kiranki ranki ya daɗe a gaban ɗalibai. Idan ya shiga, ki amsa saƙon nan."

"Wa ya sa bakinka a saƙona?"

"Bakina ba ya jiran gayyata, kin sani."

Hoton ya fara da shinkafa, sannan ya washe. Kiɗan farkon na tashi, sai na ji ƙamshin man zafin Kaka a hancina. Na tura kaset ɗin gaba har wurin ƙofa. Ga mutumin, ga jaka, ga hannu a sama. Wallahi sai da dukanmu muka waiga wajen kujerar Kaka. Ba wanda ya miƙe.

Mutumin ya sauke hannunsa, bai ƙwanƙwasa ba.

"Ka gani? Zo ka ɗauki jaka."

"Bai tafi ba ai. Zauna."

Sai hoton ya koma cikin gidan. Ƙanwarsa ce tsaye a bayan ƙofar, ta ji takunsa, hannunta a kan sakata. Ba ta zare ba, ba ta sake ba. Sunayen 'yan wasa suka fara hawa.

Na dafe kai. "Shekara talatin muna musu a kan ƙafar mutum, ashe maganar na hannun yarinya."

"Fim ɗin banza. Da ɗalibina ne ya rubuta, sifili zan ba shi. Ina ƙarshen?"

"Sun bar miki ki cike da jan biro. Ta buɗe?"

"Ina na sani? Wataƙila ita ta yi jinyar ubansu ita kaɗai. Wataƙila ita ta yi ta ɗaukar tsohuwa zuwa asibiti, shi ko waya babu."

Ban yi zolaya a nan ba. Na ce, "Wataƙila. Amma ita Kaka ta ga ƙarshen, kuma ta ba da amsa. Tashi ki zura sakatar ƙofar waje mu gani."

Ta harare ni, ta fita, na bi ta. Ta kama sakatar ta tura, ko motsi. Ta sa hannu biyu. Tsatsa ta haɗe ta da ƙarfen, a buɗe.

"Ko ƙarfin ne babu? In ɗaga ki?"

"Rufe min baki." Ta shafa tsatsar da yatsa. "Kullum ina mata faɗa ta riƙa sakawa, sai ta ce mantuwa ce."

"Matar da ke tuna kofin da na fasa ina shekara shida?"

Ta yi dariya, ta goge ido da bakin mayafi, wai ƙurar bidiyona ce. Ta zaro kwaɗon daga jaka ta danƙa min.

"Ungo, kyauta. Ka sa wa bakinka."

"To wa ya ci musun?"

"Ba kai ba. Kaka ce ta ci." Ta ciro waya, ta tsaya tana kallon saƙon. "Sanƙo, mayar da kaset ɗin zuwa farko. Yaya ma bai taɓa ganin ƙarshen ba."