Ruwan Da Na Yi Wa Jibiya A Littafi

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da daminar da na yi wa Jibiya ruwan sama da alƙalami ba. Lokacin ina babbar makarantar boko ta Katsina, Turawa ba su daɗe da kafa turakun iyaka tsakaninmu da Maraɗi ba. Ni kaɗai ne ɗan garinmu a makarantar, saboda haka in na zo hutu ko tafiyata daban take. (Har tari nake yi irin na malaminmu Bature, wai don a san na sha karatu.)

Da za mu tafi hutun damina, malamin ya ba kowannenmu gwangwani mai mazurari, da ɗan sandan awo, da littafi. Aikin bai taka kara ya karya ba. Ka kafa gwangwani a fili, kullum da safe ka leƙa, in an yi ruwa ka tsoma sanda ka rubuta inci nawa, in ba a yi ba ka ja layi. Ya ce hukuma na son sanin ruwan kowace ƙasa. Na ce a raina, wannan ai ko ina gyangyaɗi na yi shi.

Ranar farko na ce bari gajiyar hanya ta sake ni. Rana ta biyu gaishe-gaishe. Ta uku na zauna na ƙawata sunana a bangon littafin, na dube shi na ji kamar na ci rabin aiki, sai na ba kaina hutu. Daga nan kuma zaman bakin iyaka ya ɗauke ni. In wuni gindin tsamiya ina kallon fatake da jakunansu, suna miƙo mini takardun da aka ba su a Maraɗi in karanta musu, ni kuwa ina gyaɗa kai ina cewa komai daidai ne. (Da Faransanci aka rubuta su, ko harafi ɗaya ban gane ba.) Kullum na wuce gwangwanin sai in ce masa gobe da sassafe. Inna ta gaji da tuntuɓe da shi a ƙofar ɗaki, ta wanke shi ta zuba daddawa. Wallahi har daɗi na ji, don yanzu laifin ya zama namu mu biyu.

Kada ka ce ban san halin da gari ke ciki ba. Ruwa ya ɗauke tun bayan shuka, gero ya yi ta nannaɗewa, har sau biyu aka fita roƙon ruwa, da ni a sahun gaba. Wato ko da na yi aikin, yawanci layi kawai zan riƙa ja. Layin nan ne ya gagare ni har kwana arba'in.

Sai da na koma Katsina, ana gobe za a karɓi littafi, hankalina ya dawo jikina. Na ga in na miƙa littafi duk layi, Bature zai ce ban yi komai ba (abin da kuwa gaskiya ne). Na ari littafin abokina Lawal, mutumin Funtuwa, can kudu inda ruwa ke zuba kamar da bakin ƙwarya. Daga azahar zuwa la'asar na kwafe shi kaf. Don kada a gane, sai na riƙa ƙara rabin inci nan da can. Ka ji wayo! Washegari malam ya ɗaga littafina a gaban aji, ya ce kowa ya dubi yadda ake aiki da tsari. Na sunkuyar da kai irin na masu tawali'u.

Bayan kaka aka aiko wai Joji, Baturen hukuma mai kula da ƙasarmu, zai tafi rangadi Jibiya, kuma ya ce a haɗa shi da ni. Har alfadari aka ba ni. Na shiga garinmu a bayan Joji ina ɗaga wa mutane hannu, ina mamakin yadda ba wanda ya yi mini fara'a.

A ƙofar mai gari muka tarar da jama'a zaune cikin rana. Ashe a kan rumbun tsimi suka taru, hatsin da hukuma ta sa kowane gari ya ajiye don shekarar yunwa, wanda ba a buɗewa sai da izinin Joji. Sau biyu suna aikawa a buɗe musu, ana ƙi. Mai gari ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce gero bai yi ba, gidaje da yawa sun koma cin dusa da tafasa.

Joji ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya sa hannu a jaka. Sai ga bangon nan da na ƙawata, ashe malam ya aika masa da littafina. Ya ce shi ba ya aiki da ƙorafi, da takarda yake aiki. Ya ce kumandan Maraɗi ya rubuto masa yana kukan fari, shi kuwa ya mayar masa da amsa cewa a nan ɓangaren Ingilishi ruwa har ya yi yawa, ga kuma shaida da hannun ɗan garin. Ya miƙo mini littafin ya ce in tashi in karanta da ƙarfi.

Na tashi. Na karanta kwana ɗaya, na karanta biyu. Da na zo Juma'a ta biyu da zuwana hutu, na ce inci uku. Mai gari ya tambayi nawa ne inci uku, Joji ya ce ruwan da zai cika kududdufi ya rushe katanga. Sai na ji guna-guni ya tashi. Ranar ce muka fara fita roƙon ruwa, rana ta gasa mu har liman ya kusa faɗuwa.

Kawu Barmo, yayan Inna, ya dogara sanda ya miƙe, ya dubi Joji.

"Zaki, ni dai turken nan naku ya raba gonata biyu, rabi naku rabi na Faransa, kuma duka ta ƙone. Ban san ta wane gefe ruwan ga ya bi ba."

Ya juyo gare ni, ba faɗa ba tsawa.

"Ɗan nan, ruwan naka ya isa haka nan. Ka tsai da shi a buɗe muna rumbu."

Na so ƙasa ta tsage in shige. In na yi shiru, littafi ya ci gaba da zama gaskiya, rumbu ya ci gaba da zama a rufe. In na yi magana, makaranta da alfadari da tarin Bature duk sun tafi. Zan so in ce maka nan take na zaɓi gaskiya, amma sai da na tsaya ina buɗe shafi ina rufewa, ko a nan ma ina neman in kai gobe.

"Zaki, ruwan Funtuwa ne," na ce.

"Ina gwangwanin da aka ba ka?"

"Yana wurin Inna. Da daddawa a ciki."

Da an yi dariya da na ji sauƙi, amma ba wanda ya ko murmusa. Fuskar Joji ta yi jawur. (Na tabbata ba yunwar mutane ce ta dame shi ba, wasiƙar da ya aika wa Bafaranshe ce.) Ya hau doki ya zaga gonaki uku, ya dawo ya ce a buɗe rumbu kafin la'asar. Ni kuwa a ƙasa na koma Katsina, bayan alfadarin da na zo a kansa. Bulala shida na sha, ba a kore ni ba, don korata za ta tona asirin wanda ya yabe ni a gaban aji.

Bulalar ta warke cikin mako guda. Abin da bai warke ba shi ne labarin da Inna ta ba ni daga baya: mako uku ke tsakanin aiken farko da ranar da aka buɗe rumbu, a cikin makonnin nan Kawu ya daka irin da ya ɓoye don shukar baɗi ya ciyar da iyalinsa. Bai taɓa tayar mini da zancen ba har ya bar duniya.

Tun daga ranar, in an ba ni aikin safe, da safen nake yi, ko da layi ne kawai zan ja. Na gane aikin da ka ɗage ba ya zama ya jira ka a matsayin aiki, ƙarya yake rikiɗewa ya zama. In kuma Allah ya jarrabce ka da kyan rubutu, to hukuma za ta yarda da ita ta bar gari guda da yunwa.