Rigar da Ta Ƙi Tsufa

A majalisarmu ta ƙofar gidan Alhaji Bature, nan Tudun Wada, dakta ɗaya gare mu tak, kuma ba ya bari mu manta da hakan. Dakta Mamuda ke nan, malamin kimiyya a jami'a. Ilmi kam akwai shi, wannan ba a ja. Hannu ne dai Allah bai sake masa ba. Idan ka ga Dakta ya sa hannu a aljihu, kada ka gyara zama, hankici zai ciro.

Duk zuri'arsu mutum ɗaya ne ya taɓa cin wani abu daga jikinsa, shi ne Malam Tanimu mai sayar da buhunan wofi a kasuwa, ɗan gwaggonsa kuma taubashinsa. Shi kaɗai ke kiransa Mudi a gaban mutane ya kwana lafiya. Tanimu ya daɗe da gano lagon mutuminsa: Dakta ba ya ƙaunar a ga tabo a rigarsa. Saboda haka da Sallah ta ƙarato sai ya matso kusa da shi, ya ƙura wa wuyan riga ido, ya ce, "Mudi, wannan jan goro ne ko manja? Kai da ɗalibai ke kallo?" Washegari sai ga rigar a leda, an aiko masa kwance. In kuwa an duba babu tabo, to Allah kan kawo shi, don an sha ganin kofin zoɓo ya suɓuce wa Tanimu daidai lokacin da ake bukata. Da haka ya yi shekaru yana Sallah cikin shaddar Dakta, yana tafe yana saɓa hannun riga kamar shi ya biya ɗinki.

Ana nan sai Dakta ya ɗauke ƙafa daga majalisa, aka ce yana ɗakin gwaje-gwaje. Da ya dawo sai ya dawo da abin da ya kira ƙwayoyin nano, wani ruwa da ake fesa wa tufa, wai a cikinsa akwai 'yan ƙwayoyi da ido ba ya gani, su lulluɓe zare su hana datti da maiƙo zama, su hana kala koɗewa. Har aka ba shi takardar mallakar fasaha daga ƙasar waje, wadda ta ce ba mai yin irin abin sai da izininsa. Ya sa ta a gilashi ya rataye a falo, sama da hoton mahaifinsa. Jami'a ta ce an yi binciken ne don ci gaban ƙasa. Mu da muka san gida mun san don Tanimu aka yi shi.

Abin kuma ya zo wa Tanimu a mummunan lokaci. Ranar Asabar za a ɗaura auren 'yarsa Saudatu, dangin ango kuwa 'yan Kantin Kwari ne daga Kano, mutanen da tun daga bakin layi suke gane shaddar da ke jikinka da wanda ya ɗinka ta. Babbar rigar da ta rage masa kwancen bara waccan ce, ta sha wanki har farinta ya koma ruwan toka, ga faci a bakin aljihu. Wallahi ban taɓa ganin abu ya dame shi haka ba. Ba don kansa ba, shi da ya saba. Tsoronsa kada yarinya ta shiga gidan miji ana yi mata gorin rigar ubanta.

Ranar nan bayan La'asar muna zaune sai ga Dakta cikin wata farar shadda mai aiki har ciki, tana ɗaukar ido. Tanimu ya miƙe da fara'a, suka rungumi juna, ya share masa wuri kusa da shi a kan benci. Ya duba wuya, fes. Ya duba hannu, fes. Ya zagaya ta baya kamar mai neman takalminsa, nan ma fes. Ya dawo ya zauna, ya yi ajiyar zuciya, ya sayi zoɓo.

Kowa a majalisar ya san abin da zai biyo baya, har Alhaji Bature ya janye ƙafarsa. Kofi ya suɓuce. Tanimu ya ce, "Subhanallahi! Mudi, ka yi haƙuri, hannun nan nawa ya fara rawa."

Zoɓo ya sauka a ƙirjin rigar, ya dunƙule kamar ruwa a kan ganyen gwaza, ya gangaro, ya zube kaf a kan wandon Tanimu. Rigar Dakta ko alama.

Dakta ya yi dariya har da buga ƙafa. Ya ce, "Yaya Tanimu, ƙaro wani kofin, ni zan biya." Mu dai muka dubi juna, don ba mu taɓa jin kalmar biya a bakinsa ba. Bai tsaya nan ba, ya sa aka karɓo manja a wurin mai ƙosai, ya ɗiga a hannun riga, ya karkaɗe, manja ya faɗi ƙasa. Ya tauna goro ya shafa, ya hure. Sannan ya gyara tabarau ya shiga yi mana lacca kyauta, wadda ita ce kaɗai kyautar da ba ya ƙyashi.

Ya ce, "Ku ɗauki silin gashi ɗaya, ku tsaga shi gida dubu, ku ɗauki ɗaya ku sake tsagawa. To ba ku ma iso ba. Ƙwayoyin nan ba a ganinsu sai da wani madubi na musamman da muke da shi a jami'a, girmansa ya kai ɗaki. Duk wanda bai leƙa ta cikinsa ba, zai rantse babu komai."

Tanimu na matse wando ya ce, "To Mudi, rigar nan yaushe za ta tsufa?"

"Ai ta yi sallama da tsufa, Yaya. Ni da kwance kuma har abada."

Tanimu ya sassauta murya, abin da ba halinsa ba. Ya ce, "To ga shawara. Ka san Asabar ɗaurin auren 'yarka Saudatu. Tunda sabuwa ta gagara, ka ɗan fesa wa tsohuwar tawa ruwan nan, ko ta yi haske a gaban baƙi."

Dakta ya girgiza kai kamar an ce ya yi sata. Ya ce, "Haba Yaya, ai ba dama. Abin nan yana ƙarƙashin doka. Ba mai amfani da shi sai da izinin mai shi, a rubuce."

"Wane ne mai shi?"

"Ni."

"To ka nemi izinin mana, ko za a dace ya tausaya."

Muka kwashe da dariya. Alhaji Bature, da yake shi ne babba, ya sa baki ya ce, "Dakta, bar batun doka. 'Yarka ce za a aurar. Mece ce gudummawarka?"

A nan ne Dakta ya nuna mana cewa ba a banza ya yi karatu ba. Ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, ai na riga na bayar, a gabanku ma. Ɗazu da muka rungumi juna, ƙwayoyin nano miliyoyi sun tashi daga rigata sun koma kafaɗar Yaya Tanimu. Miliyoyi fa! Da wani ne sai mun haɗu a kotu. Amma shi na yafe masa, ya riƙe duka, gudummawata ce."

Tanimu ya juya ya dubi kafaɗarsa ta dama, ya dubi ta hagu. Ya ɗaga hannu biyu ya shafa fatiha, ya ce, "Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara buɗi. Saura alfarma ɗaya, Mudi."

Dakta ya ce, "Faɗi, Yaya."

"Ranar Asabar ka taho mana da madubin nan naku mai girman ɗaki, mu kafa shi a ƙofar gida, don maroƙi ya leƙa ya ga abin da zai yi wa shela."