Raken Kaka Shekara a Cikin Rairayi

"Sannu da hutawa, maigida!"

Najaha ce, ƴar lise, wato babbar sakandare, ta taso daga lekol ta yanke ta bayan gari, sai ta tarar da kakanta Shekara a tsakiyar busasshiyar ƙoramar da ke tsakanin garkarsa da Matameye. Amalankensa shaƙe da rake ya nutse a rairayi. Tsohon na gaba yana jan igiya, jaki ya kafe ƙafa yana ja da baya. Tun da babanta ya tafi cin rani Kano, aikin garkar ya koma wuyan tsohon nan shi kaɗai. Ta kuma san kamiyon da ke kai rake Damagaram ba ya wuce azahar a tasha, in ya tashi babu su, raken a hannu zai bushe. 

"Yawwa, uwargida raguwa," in ji shi yana haki. "Kallo kika zo, ko fura kika kawo wa mijinki?"

"Wane miji? Wanda jaki ya fi ƙarfinsa? Ni na fasa."

"Ke! Ni ne fa na taɓa ɗaga saniya da hannu ɗaya a kasuwar Kance, ɗayan hannun ina ɓare goro!"

"To ɗaga jakin mana, ai bai kai saniya ba."

"Yau ina azumin ɗaga dabba."

Ta ajiye jakarta a gindin gawo. "Kaka, kai kana ja gabas, shi yana ja yamma. Mushe, malaminmu, ya ce mana a darasin fizik, ƙarfi biyu in sun zo daidai suna jayayya, kamar babu ko ɗaya ne. Kai da jakin nan ƙarfinku ɗaya. Wayonku ma..."

"Ƙarasa, ki kwana gidanku yau!"

"Saki igiyar ya daina gardama. Dawo baya mu tura, ƙarfin mu uku ya fuskanci wuri ɗaya."

Ya dawo yana gunaguni. Suka tura, jaki ya yunƙura, tayoyin suka ɗan motsa suka ƙara nutsewa.

"Ga fizik ɗinki nan, ya binne ni da raina!"

"Rairayi ne ya riƙe taya, ga kaya ya yi yawa. Abu mai nauyi ƙarfi mai yawa yake so kafin ya motsa. Mu sauke rabi, mu shimfiɗa ganyen raken a ƙarƙashi."

"Wannan ai tun kafin a yaye mushenku na san shi. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi..."

"To me ya hana babban?"

Tsohon ya kai hannu ya dafa ƙugu. "Bayan nan ne, Najaha. Na ɗora su da safe. In na sauke, ba na jin zan iya mayarwa."

Ba ta taɓa jin ya kira sunanta ba tare da tsiya ba. Ta ɗaure mayafinta a ƙugu ta kama dami. "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Zauna ka huta, mai ɗaga saniya."

"Ki yi a hankali, hannuwan nan naki kamar tsinken tsire."

Ta sauke, ta shimfiɗa ganye, suka sake turawa. Sai ga amalanke ya fito ƙoramar kamar ba shi ba. Ta kwaso damman ɗaya bayan ɗaya ta mayar, gumi na ɗiga ta haɓarta, ta ɗauko jakarta, suka haye gaban amalanken. Jaki da ya ji ƙasa mai tauri sai ya kama sassarfa.

"Riƙe da kyau, Kaka. Abin da ke tafiya ba ya son tsayawa. In jakin ya ci birki, kai ba ka ci ba."

"Ni? Ni da na je Kurni tsaye bisa raƙumi, ina ɗinkin hula?" Ya saki hannuwansa biyu, ya harɗe su a ƙirji.

Daf da tasha wata akuya ta gifta. Jaki ya tsaya cak. Kaka Shekara kuwa ya ci gaba da tafiyarsa, ya zame suuu, sai ga shi bisa bayan jaki ya rungume wuyansa. Najaha ta diro da sauri, ta ga lafiyarsa lau, sannan dariya ta ƙwace mata.

"Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo!"

"Ban faɗo ba! Raɗa na zo yi masa a kunne."

Kamiyo na nan bai tashi ba. Muntaka direba ya leƙo yana riƙe ciki don dariya. "Baba, sauko, mun kusa barin ka! Ku kama masa raken nan."

Tsohon ya sauko yana karkaɗe riga, ya dubi damman na hawa mota, ya dubi jikarsa, sai shi ma ya fashe da dariya.

"To, na sallama. Ke mai sayar da zoɓo, ba wa matar nan tawa mai ƙanƙara, ta ci sadakinta yau. Ke kuma uwargida, gobe ki tambayo mini mushen naku, ko akwai darasin da ke tsayar da bakin mace."