Inuwar Injiniya

Aikina zana tsarin haraba ne: inda za a bi da ƙafa, inda za a dasa itace. Da aka ba ni harabar wani ƙaramin asibiti a Ibeto, ban ga dalilin barin Kontagora ba. Na buɗe hoton tauraron ɗan adam a kwamfuta, na hango ƙaton mangwaro a tsakiyar fili, na zagaye shi da kujerun siminti takwas don masu jiran likita. Ni kaina zanen ya burge ni.

Maginin, Malam Audu, ya kira ni a waya. "Injiniya, wannan mangwaron..."

Na katse shi. "Malam Audu, bi zane kawai."

Ya kuwa bi. Ranar da na je dubawa, na tarar da kujeru takwas sun kewaye kututture, rana na dukansu, mata masu awo kuma suna rakuɓe a jikin katanga. Ashe hoton tsoho ne, an daɗe da sare bishiyar.

Malam Audu ya ce, "Ko inci ɗaya ban kauce ba."

Har yau in na shiga ofis ina gumi, sai a ce in je Ibeto in sha inuwar injiniya.