An Sauko Da Ni Don Na Ƙi Ɗingishi

Jama'a, ranar Talata aka sauko da ni daga kan dandamali a gaban manyan baƙi. Laifina kuwa shi ne na samu sauƙi.

Ni tela ne, keken ɗinkina kuma na ƙafa ne. Bara na wayi gari babban yatsan ƙafata ya kumbura ya yi jawur, ko iska ta taɓa shi sai na kira sunan mahaifiyata. Mako biyu ban taka keke ba, kayan mutane jibge a shago. A asibitin unguwa aka ce sunan ciwon gawut. Aka miƙo mini ƙwayoyi da wata takarda mai sheƙi, wai ta wayar da kan majinyata. Rabinta hoton Mai Girma Shugaban Kwamiti ne, wato kwamitin da ke kula da asibitocinmu, yana murmushi. Sauran rabin kuwa, maƙwabcina mai gyaran rediyo da ya yi karatu ya juya shi sama ya juya ƙasa, ya ce, "Maigida, wannan dai a yi fifita da ita."

Na sha magani kwana biyar, zafi ya tafi, na jefa sauran cikin gwangwanin maɓallai. Bayan wata biyu ciwon ya dawo da ƙannensa, har gwiwa.

Wata ma'aikaciyar jinya da muke kira Sista ce ta zaunar da ni a benci. Ta ce, "Baba, maganin nan iri biyu ne. Ɗaya na kashe zafi ne idan ya taso. Ɗayan na kullum ne, da ciwo da babu ciwo. Shi ke rage wani abu kamar gishiri da ke taruwa a jininka, ya daskare a gaɓa kamar fasasshiyar kwalba. Farkon shansa ciwon na iya motsawa, kada ka ce bai karɓe ka ba. Ka rage hanta da ƙoda da jan nama da lemon kwalba, ka yawaita shan ruwa."

Na ce, "Har yaushe, 'yata?"

Ta ce, "Har yaushe za ka riƙa sa wa kekenka mai?"

Minti uku ta yi, na gane. Maiɗakina kuma ta karɓi aikin tsaro: ba ƙwaya, ba shayin safe. Wata takwas ban ji ko tsikari ba. Sai kuma maganin ya ɓace daga asibiti. Kullum na leƙa tagar ba da magani, "babu" ce ke gaishe ni. Ƙwaya tara ta rage mini lokacin da kwamiti ya shirya gagarumin taron wayar da kai, aka ce ana neman majinyaci na gaske, Sista ta ba da sunana.

Allah ya saka wa kwamiti da alheri, sun iya taro. Babban otal, sanyi kamar cikin firij. Tebur cike da soyayyen nama da hanta, lemon kwalba akwati-akwati. Duk abin da Sista ta hana ni, an jera shi don yaƙi da gawut.

Mai tsara taro ya ga na hau matakala a guje, ya tare ni. "Kai ne mai ciwon? Ina sandarka?"

"Ranka ya daɗe, ina shan magani, na samu sauƙi."

"Haba Malam! Masu ɗaukar hoto sun zo. Ɗan ɗingisa mana, daga ƙofa zuwa lasifika kawai."

Na ce ɗingishin da na yi bara ya ishe ni. Na hau, na gaida manya, na faɗi abin da Sista ta koya mini. Aka tafa. Sai na ce, "Amma maganin kullum ɗin nan wata biyu ke nan babu shi a..." Nan take lasifika ta mutu. Ikon Allah, fitilu na ci, fanka na juyawa, ita kaɗai wuta ta guje wa. Wasu ƙarti biyu suka rako ni ƙasa cikin girmamawa, ƙafata ba ta ko taɓa matakala.

Ina bakin ƙofa sai wani direba ya yafito ni zuwa wata doguwar mota. Ga Mai Girma Shugaban Kwamiti a kujerar baya, takalmi ɗaya a cire, ƙafa a kan matashi, yatsa ya yi suntum. Ya rage murya ya ce, "Malam tela, na kullum ɗin nan, ko babu ciwo ma sha ake?"

"Ranka ya daɗe, ai ina jin yana cikin takardar da kuka buga."

Ya ce, "Wa ya karanta ta?"

Na tsuguna a gefen mota na yi masa karatun Sista, har da man keke. Yana gyaɗa kai kamar ɗan aji ɗaya. Ranar Juma'a Sista ta bugo mini waya, wai magani ya iso kwali-kwali.

Ni ba na yi wa kowa mugun fata. Amma da yake famfunan unguwarmu sun daɗe a bushe, tun ranar nake binciken ko akwai wata cuta da ba ta jin magani sai ruwan famfo, da kuma ofishin da ya kamata ta fara ziyarta.